Uwana Ya Noma Wurin Nan

Da asubar ranar da aka ɗauki fitowar da ta jawo duk rigimar, Sabitu Tartsatsi yana tsugune a bakin wata gona a Tirwun. Ya rufe ido, ya toshe kunnuwansa da abin jin sauti, hannunsa riƙe da doguwar gora wadda aka ɗaure wa makirufo a kai. Ko kallon kyamara bai yi ba. Ya sha faɗa cewa a Bauchi in kana son ka ɗauki magana mai tsabta, to ka riga 'yan acaɓa da masu janareta tashi, don da zarar rana ta fito garin nan ba ya sake yin shiru. Shi ya sa ana sallame sallar asuba ya kwaso mutanensa a bayan a-kori-kura, wasu na gyangyaɗi, wasu na zaginsa a ciki.

A tsakiyar gonar Mary Andrawus ce tsaye da fartanya a kafaɗa. Mace ce da ta doshi sittin, mutuniyar Bogoro, sana'arta sayar da wake da acca a kasuwar Muda Lawal, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba sai a wannan fim. A bayanta ana hango gidajen bulo da ba a gama ba, sun zagaye gonar ta kowane ɓangare. Labarin fim ɗin ke nan: matar da mijinta ya rasu, gari ya ci gonakin maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya, dillalan filaye suka dawo kanta.

Sabitu ba ya ba ɗan wasa takarda ya haddace. Ya dai ce mata, “Mama, ga mutum nan ya zo zai raba ki da gonarki. Ki faɗa masa abin da za ki faɗa masa.”

Mai fitowa a matsayin dillali ya yi nasa zancen, ya ambaci gida mai rufin kwano da famfo a tsakar gida. Mary ta sauke fartanyar, ta dogara a kanta, ta dube shi daga hula har takalmi.

“Uwana ya noma wurin nan,” in ji ta. “A nan ya haife ni, a gindin ɗorawan can. Ka je ka faɗa wa maigidanka, matan nan ba ya sayarwa.”

Ta ci gaba da magana mai tsawo bayan wannan. Mai kyamara ya waiwayo yana jiran a ce a tsaya a gyara, don duk wanda ya taɓa aikin fim ya san ba a barin “uwana” da “ya noma” su shiga bakin jaruma. Sabitu bai buɗe ido ba. Yana ta ɗan bubbuga cinyarsa da yatsu kamar mai bin kiɗa, har ta dasa aya. Sannan ya cire abin kunnen ya ce an samu, a tattara kaya. Ba a sake ɗauka ba.

Duk mutumin Bauchi ya san wannan Hausar. Ita ake ji a kasuwa, a tasha, a layin asibiti, a bakin mutanen da suka tashi da wani harshe a gida suka tsinci Hausa a hanya. Ba ruwanta da raba mace da namiji. Mota “ya” zo, mata “ya” tafi, kuma ba wanda ya taɓa ɓatan hanya saboda haka. Har 'yan cikin ganuwa da ke yi wa masu ita dariya, in ka kasa kunne za ka ji sun ce “motan Alhaji”. Amma a fim, mai irin wannan magana maigadi ne, ko mashayi, ko wawan da ake tura wa ya faɗi a kwata.

Sabitu ɗan Ƙofar Dumi ne. Mahaifinsa, Malam Ya'u, baduku ne mai ɗinka takalma da kuben wuƙa a wani ɗan shago da ke bakin lungu. Mahaifiyarsa, Yelwa, daga Zungur aka auro ta, kuma da irin Hausar Mary ta shigo gari. Dangin miji suka yi ta gyara mata baki, yau a gyara gobe a gyara, har ta gano cewa wanda bai yi magana ba ba a gyara masa. Ta zama mace mai gaisuwa da kai da murmushi. Waɗanda suka san gidan sun ce sai ta shiga ɗaki da 'ya'yanta ake jin muryarta.

Da ya gama sakandare ba a samu halin ci gaba ba, aka kai shi koyon gyaran rediyo a Wunti, shagon Azubuike, wani Inyamuri da ya shigo Bauchi yana saurayi ya tsufa a cikinta. A nan, cikin rediyoyin da ake kawowa gyara da kaset a maƙale, ya fara jin waƙar gambara irin ta Amurkawa, wadda samari ke ce wa hip-hop. Bai fahimci rabin Turancin ba. Abin da ya kama shi shi ne mutum ya tsaya ya zazzaga magana a kan kiɗa ba tare da ya roƙi kowa ba. Ya fara gwadawa da Hausa, yana buga teburin aiki da sukudireba. Abokansa suka sa masa Tartsatsi, don kalmomi na fita daga bakinsa kamar wutar walda, ba ka san inda za su sauka ba.

Wajen farkon shekarun dubu biyu ke nan. A cikin gari ba a ɗauki abin da wasa ba. Ɗan baduku ya sa wando mai faɗin buhu, ya juya hula baya, yana nuna mutane da yatsa. Malam Ya'u ya ce shi dai ya san mawaƙi da makaɗi da maroƙi, amma bai san sunan mai faɗa da iska ba. Ya hana shi, bai hanu ba. Ya daina yi masa magana na wani lokaci, ya gaji ya ci gaba.

Waƙoƙinsa na farko a kan abin da ke gabansa ya yi su: kwatar da ta toshe, famfon da ba ruwa, mai digiri a kan acaɓa, ɗan siyasar da ba a ganinsa sai ana gobe zaɓe. Samari na son su, suna tura wa juna a waya, amma ba mai gayyatar mawaƙi biki don ya zo ya tuna masa da kwata. Wadda ta fitar da shi daban ce. Waƙar barkwanci ce ya yi, yana kwaikwayon wata baƙauyiya da ta je asibiti tana yi wa likita bayanin ciwon 'yarta, “ya” a nan “ya” a can, likita ya rasa gane mace ce ko namiji. Ta kama gari kamar gobara. A tasha ita, a shagon aski ita, har Gombe da Jos da Kano. Aka fara kiransa biki da taron siyasa, ya sayi babur, ya sauya wa uwarsa katifa.

Yelwa ta ji waƙar a wayar wata maƙwabciya, mata sun taru suna ta ƙyaƙyatawa. Da Sabitu ya shigo aka ce ta faɗa masa yadda ta ji. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, “Waƙan ya yi daɗi.” Matan suka sake fashewa da dariya.

Mutane sun ce daga ranar ya daina rera ta. Shi bai taɓa faɗin dalili ba, ni kuma ba na rubuta wa mutum abin da bai faɗa ba. Abin da aka gani shi ne, a wani babban biki a GRA jama'a suka yi ta kiran sunan waƙar, ya tsaya da makirufo a hannu ya yi shiru. Aka yi ihu, aka jefe shi da ledar ruwa, mai biki ya aiko a ce masa don ita aka kira shi. Ya miƙa wa mai kiɗa makirufo ya sauka. Ya maimaita haka a wasu wuraren, har masu gayyata suka gane, suka daina. Lokacin kuma an shiga yayin waƙoƙin soyayya masu muryar na'ura, ba mai neman mai faɗa da iska. Tartsatsi ya mutu a kasuwa da ransa.

Kyamara ta shigo hannunsa ne ta hanyar yunwa. Da ma shi ke tsara hotunan waƙoƙinsa, sai ya koma ɗaukar biki da suna da saukar karatu da kyamarar da Azubuike ya ara masa. Daga nan ya tafi Jos ya yi wa wasu masu fim dakon waya da riƙon fitila, yana kallon yadda ake yi, yana kwana a ɗakin ajiye kaya. Ya dawo ya kama ɗaki a bayan tsohon shagon mahaifinsa, wanda ya riga ya rasu a lokacin, ya sa kwamfuta da fanka ya ce ya buɗe kamfani. Ni mai walda ne a layin, ni na haɗa masa layin dogon da kyamara ke gudu a kai, da bututun ruwa da tayoyin keken yara. A nan na san aikinsa.

Finafinansa biyu na farko ba su je ko'ina ba, kuma gaskiya ba su cancanci zuwa ba. Hoto na rawa, labari na tsalle. Amma ko a cikinsu akwai abin da ba a saba ji ba: mutane na magana kamar mutane. Da kunne yake ba da umarni. In ɗan wasa ya yi magana, Sabitu zai rufe ido ya bi ta da yatsu a cinya, in ta karye a tsakiya ya ce ƙarya ce, a sake. 'Yan wasan da suka saba da haddar takarda sun tsane shi. Wani ya taɓa ce masa darakta makaho bai taɓa gani ba sai a Bauchi. Sabitu ya ce masa idon na mai kyamara ne, shi an ɗauke shi aikin jin ƙarya.

Mary kuwa a kasuwa ya same ta. Ya je sayen wake ya tarar tana wanke wani mai karɓar haraji da magana, ba zagi, ba ɗaga murya, mutumin na tsaye kamar an dasa shi. Sabitu ya manta da waken. Ya yi ta zarya rumfarta, ita tana cewa ita ba 'yar wasa ba ce, tana da jikoki, tana cikin zumuntar mata a coci, me za a ce. Sai da ya je har gida ya gaida mijinta, ya zauna ya ba su labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe. Ashe su ma an taɓa raba su da gona a garinsu. Ta yarda.

Da aka gama tace fim ɗin, kowa ya san an yi abin kirki. Saura mai saye. A wannan zamani fim ba ya tafiya sai ta hannun masu manyan tashoshin intanet da masu kai wa gidajen talabijin, kuma yawancinsu a Kano suke. Azubuike, wanda kyamara da fitilun duk nasa ne, ya yi ta buga waya har ya samo Alhaji Baffa, ɗaya daga cikin manyansu. Alhaji Baffa ya biyo ta Bauchi a hanyarsa ta zuwa Gombe, ya ajiye motarsa a bakin titi don lungun ba ya ɗaukar ta, ya tako har ɗakin Sabitu.

Ba mugun mutum ba ne, kar a ce na ce. Ya zauna a kan benci cikin zafi ya kalli fim ɗin bai taɓa wayarsa ba. Ya yaba hoton, ya yaba kiɗan, ya tambayi wanda ya haɗa layin dogon. Da aka zo fitowar gona, Mary ta ce “Uwana ya noma wurin nan,” sai dariya ta kuɓuce masa. Ya yi ƙoƙarin danne ta da tari, ta ƙi.

Bayan an kashe, ya ce zai saya, zai sa a tasharsa, zai kai talabijin, har Nijar za a gani. Sharaɗi ɗaya: a cire muryar tsohuwar gaba ɗaya a ɗora wata. Yana da yarinya a Kano, Sauda, wadda aikinta ke nan, in ta ɗora murya ko uwar mutum ba ta ganewa. Sabitu ya tambaye shi me muryar ta yi. Alhaji Baffa ya ce muryar ba ta yi komai ba, Hausar ce. Ya ce shi ya san masu kallonsa: wurin da ake so su yi kuka nan za su yi dariya, su yanko wurin su yi ta yawo da shi a waya, baiwar Allah ta zama abin tsokana a rumfarta.

“Kuma kai za ka tambaye ni?” in ji shi. “Ai kai ka koya musu.” Ya ɗan rera baiti ɗaya na tsohuwar waƙar asibitin, yana kaɗa kai. “Har yau tana cikin motata, wallahi.”

Sabitu ya tashi ya ƙara wa fanka ƙarfi, ya dawo ya zauna. Azubuike ne ya karɓi zancen, ya ce, “Alhaji, ni shekara arba'in ina Bauchi, matana ya haifi yara biyar a nan, ba wanda ya ɗora mini murya.” Alhaji Baffa ya ce ai shi ya sa ba a sa shi a fim ba. Aka yi dariya, aka raka shi mota. Ya ce a yi shawara.

Shawarar kuwa duk gefe ɗaya ta karkata. Mai kyamara ya ce a ɗora. Yaran da suka yi wata da watanni suna tashin asuba suka ce a ɗora, su dai a gan su a talabijin. Azubuike da kansa, da suka keɓe, ya ce masa zancen da ya yi gaban Alhaji na kare mutunci ne, amma fim ɗin da ba a gani ba da wanda ba a yi ba duk ɗaya ne. Sabitu ya san haka. Ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya, ya taɓa ganin sana'a ta mutu a hannunsa saboda taurin kai. Wannan ce ƙofar da ya daɗe yana ƙwanƙwasawa, ga ta a buɗe.

Ba a daɗe ba Alhaji Baffa ya turo masa gwaji a waya, fitowar gona da muryar Sauda. Aikin ya yi kyau, ba abin kushewa. Leɓe da murya sun hau juna daidai. Fuskar Mary ce, fartanyar Mary ce, amma abin da ke fita shi ne: “Mahaifiyata ce ta noma wannan wuri. A nan ta haife ni.” Har da 'yar rawar murya a ƙarshe, irin wadda ke sa mata share hawaye.

Sabitu ya ɗauki wayar ya nufi rumfar Mary a Muda Lawal. Ya tarar labari ya riga shi, 'yarta ta faɗa mata komai. Tun kafin ya zauna Mary ta ce a canza, ita ba ta son jikokinta su je makaranta a riƙa kwaikwayon kakarsu. Ta ce tun tana yarinya ake mata wannan dariyar, ta saba da ta mutum ɗaya ko biyu, amma ta duniya gaba ɗaya ba ta da bayan ɗaukarta. Ya ce ya ji, muryarta ce, abin da ta ce shi za a yi. Ya dai roƙe ta ta saurari duka biyun kafin ta yanke.

Ya sa mata abin jin sauti a kunne. Ta ji nata, ta yamutsa fuska kamar wadda ta ga hotonta na katin zaɓe. Ya sa mata na Sauda. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. Wata mai sayen acca ta zo ta tsaya, ta gaji ta wuce.

Mary ta cire abin kunnen ta riƙe a hannu.

“Yarinyan ya iya magana,” in ji ta. “Amma wannan uwan wani ne. Nawa bai san kalman mahaifiya ba.”

Ta koma tana tsince tsakuwa daga cikin wake. Can ta tambaye shi, in an bar nata, za su yi dariya?

“Za su yi, Mama.”

“Kai kuma me za ka yi?”

“Ina wurin. Ba inda zan je.”

Ta dube shi irin kallon da ta yi wa dillali a gona. Ta ce wannan ba amsa ba ce, amma ta fi ƙarya. Ta miƙa masa abin kunnensa.

“To ka bar mini uwana.”

A nan bakin rumfar ya kira Alhaji Baffa. Ya gode masa da tattakin da ya yi, ya ce a gaida Sauda, aikinta ya yi kyau, amma ba za a ɗora ba. Alhaji Baffa ya yi masa nasiha mai tsawo, ta tsakani da Allah, ya ƙare da cewa fim ɗin nan a Bauchi zai mutu. Sabitu ya ce, “To Alhaji, ai gida ne. Akwai masu binne shi.”

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Sauran masu saye biyu da aka tuntuɓa suka faɗi abin da Alhaji Baffa ya faɗa, ɗaya ma bai kai ƙarshen fim ɗin ba. Mai kyamara ya koma ɗaukar biki. Wanda ya fito a dillali ya riƙa bin majalisa yana cewa Tartsatsi ya sake sauka daga kan dandamali, wannan karon da mutane a bayansa. Azubuike kuwa ya aiko aka kwashe fitilunsa aka ba wasu haya. Sabitu ya koma gyaran hotunan biki da rana, fim ɗinsa na kwance a kwamfuta. Har yau da nake wannan rubutu ba gidan talabijin ɗin da ya nuna shi, kuma ban ga alama ba.

Sai ya yanke zai nuna da kansa, a gidajen kallon ƙwallo, da rana, ranakun da ba wasa. Aka ba shi shawara ya fara da unguwar su Mary, inda kowa haka yake magana, ba mai dariya. Ya ƙi. Ya ce waɗancan ba su da abin koya. Ya kama gidan kallo na Ƙofar Dumi, rumfar kwano mai benci da babbar talabijin, inda samarin cikin gari ke taruwa, 'ya'ya da jikokin waɗanda suka gyara wa uwarsa baki.

Bayan la'asar aka fara. Wurin ya cika, don an ce kyauta ne, kuma Tartsatsi ne. Mata ba sa shiga wurin, amma Mary ta zo da 'yarta, ta sha zanenta na zuwa coci, aka ba su bencin gaba. Sabitu ya tsaya a gefen talabijin da rimot a hannu, yana fuskantar jama'a.

Tun fitowarta ta farko aka fara ƙus-ƙus. Da aka zo gona, ta sauke fartanya ta ce “Uwana ya noma wurin nan,” rumfar ta ɗauka. Wani ya buga benci, wani ya maimaita da ƙaramar murya, dariya ta rufe duk abin da ta faɗa bayan haka. 'Yar Mary ta sunkuyar da kai. Mary ba ta motsa ba.

Sabitu ya tsayar da fim ɗin. Bai yi wa'azi ba, bai zagi kowa ba. Ya mayar da shi baya zuwa inda ta sauke fartanya, ya sake shi.

Aka sake dariya, har ta fi ta farko, don an ɗauka wasa yake. Ya sake mayarwa. Wani daga baya ya ce, “Darakta, kaset ɗin ya maƙale ne?” Wani ya ce a bar wannan a rera musu ta asibiti. Sabitu ya dubi mai maganar har sai da ya kau da kai, sannan ya sake mayarwa. Wasu suka tashi suka fita suna tsaki, suna cewa da ma an ce ya samu taɓin hankali. Mai gidan kallo ya matso ya yi masa raɗa, ya girgiza kai. Zufa ta jiƙa masa riga. Ban ƙirga sau nawa ya mayar ba, amma na san dabarar, ta mawaƙa ce: ka yi ta dukan layi ɗaya har ya daina zama sauti ya zama magana.

Dariya abu ce mai gajiya. Ta ragu, ta koma ta mutum uku, ta koma ta mutum ɗaya wanda shi ma ya ji kunyar muryarsa. A wannan zagayen ne aka fara jin abin da Mary ta faɗa bayan layin, wanda dariya ke ta binnewa. Ta ce wa dillali uwarta ta binne 'ya'ya biyu a gabashin gonar nan a shekarar ƙyanda, ba dutse a kansu, ita kaɗai ta san wurin. In an zuba siminti, wa zai sani? Ta tambaye shi ko a takardar maigidansa akwai wurin da aka rubuta su.

Ba wanda ya yi tari. Ba zan ce sun tuba ba, ban shiga zuciyar kowa ba, kuma na ga wani yana murmushi a ɓoye har a lokacin. Amma an ji ta.

Sabitu ya ɗaga rimot zai sake mayarwa. Mary ta ɗago hannu daga bencin gaba.

“Ya isa, ɗana,” in ji ta. “Bar shi ya tafi.”

An ce yanzu yana yawo da fim ɗin a bayan babur, gidan kallo zuwa gidan kallo, Dass, Alƙaleri, Toro, kuma ɗakinsa na bayan shago a rufe yake. Ni dai rabona da shi ranar ne, don aiki na jirana, ban tsaya ƙarshe ba. Ina fita na waiwaya. Ya sauke hannu, ya ajiye rimot ɗin a kan talabijin inda kowa ke gani, ya ratsa tsakanin bencuna ya je ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Mary, ya juya ya fuskanci fim ɗinsa.